Fuskar da Na Je Nema Bazaga

Mun tashi da asuba daga Illela, ni da wani abokina, a bayan kamiyon albasa, akwatin hotona bisa cinyata. Shekara tara ina ɗaukar mutane hoto, amma uwar 'ya'yana ta rasu bara ban taɓa ɗaukar ta ba. Yanzu autarmu tana tambayata kamanninta. Kowa ya san marigayiyar ta kwaso kamannin tata mahaifiyar, tsohuwar kuwa tana Bazaga.

Da hantsi muka isa Birnin Konni, muna warin albasa kamar miya. Nan na buɗe akwatin, na tarar da ɓarna. Fatar tsakiyarsa, mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, zafin rani ya busar da ita ta tsage. Haske in ya shiga ta nan, hoto ya lalace.

Muka nemi wani baduku a bakin kasuwa. Ya shafa mata man kaɗe, sai ta yi laushi fiye da kima, ta saki, ta tare hasken daga ciki.

Ya ce, "Malam, akwatin ga naka ya fi jinjiri rigima."

Ya goge man, ya liƙe tsagar da siririyar fatar akuya, ya tokare kowane ninki da tsinke. Na duba ta a rana: tana miƙewa, tana naɗewa, ba ɗigon haske.

Keken jaki ya kai mu Bazaga bayan azahar, ta cikin gonakin da ke jiran ruwa. Aka tarbe mu da fura mai sanyi. Sai dai tun aurena ba mu taɓa haɗa ido da tsohuwar ba. Tana ganina ta ja zane ta rufe fuska.

Na kafa akwatin, na cusa kaina cikin baƙin ƙyalle.

Ta ce, "Ya shige?"

Abokina ya ce, "Ya shige, Inna, kamar kunkuru."

Ta yi dariya, zanen ya sauka. Na ja fatar a hankali har fuskar ta fito sarai bisa gilashi, a juye kai ƙasa yadda akwatin ke nunawa. Dariyar marigayiya ce, har wushiryar. Na daɗe a ciki kafin na danna.

Bayan kwana biyu muka koma Illela. Na koyi cewa mai hoto da gidansa ya kamata ya fara. Autar ta riƙe hoton, ta ce, "Baba, haka take?"

Na ce, "Haka, in tana dariya."