Tokar Murhu Da Daddawar Batso

Daminar da Inna ta kwanta ciwo, na baro gidana a Kudan na koma Nasarawan Doya jinyarta. Ciwon bai hana ta magana ba, abinci ya hana ta ci. An dafa shinkafa, ta kau da kai. An dama kunun gyaɗa, ta kurɓa sau biyu ta ce ya isa. Malamin asibiti ya ce maganin da ya ba ta ba zai yi aiki ba muddin ciki babu komai. Kullum zaninta ƙara yi mata yawa yake.

Ran nan da hantsi ina gyara mata shimfiɗa ta ce, "Ke, da zan samu tuwon dawa da miyar kuka ta daddawar batso, da na ci."

Matar ƙanena, wadda girkin gidan ke hannunta, ta yi dariya daga bakin ƙofa. "Inna, abin nan mai wari? Ga magi a gida, fari da ja."

"Ke da aka yaye da magi me kika sani? Da warin nan aka raini mijinki."

Na aika kasuwar Makarfi, ba a samu ba. Masu daddawa sun ce yanzu ta kalwa da ta waken suya kaɗai ake nema. Sai na ce ni zan yi. Na ga ana yi ina yarinya, kuma ban manta tsarin ba.

Abu na farko gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa. Na shiga gida bakwai kafin wata tsohuwa ta juye mini ragowar irinta, bai cika kwano ba. Ta ce kowa ya riga ya shuka nasa. Na sheƙe, na tsince tsakuwa, na wanke sau uku.

Na biyu ruwan toka, shi ke sa gurguzu ya yi laushi. A ƙa'ida karan dawa ake ƙonawa a shararren wuri, a zuba tokar a tukunya mai huji da 'yar ciyawa a gindi, a tsiyaya ruwa ya riƙa ɗiga. To damina ce, karan bara shanu sun cinye, ɗan abin da ya rage ya ruɓe a jikin danga. Na ce ko in sa kanwa, Inna ta ce kanwa ta ragwaye ce. Sai na kwashi tokar murhun tsakar gida. Itace nake gani ana ƙonawa, na ce toka ai toka ce. Ban tambayi kowa ba.

Na zuba gurguzun cikin ruwan tokar, na ɗora tukunya bayan sallar asuba, ban sauke ba sai la'asar, lokacin da ƙwayar ke murjewa tsakanin yatsu biyu. Na tsane, na juye a kwando, na rufe da buhu a kusurwar ɗaki inda iska ba ta shiga. Kwana uku ba a buɗewa. Ran na huɗu na kirɓa a turmi, na ƙara yayyafa ruwan tokar, na mayar kwana biyu. Sannan na cura na fara shanya. Rana ba ta tsayawa, ina bazawa hadari zai taso in kwashe. Haka na yi kwana huɗu ina tsere da ruwa. Na ji wani wari mai kaifi ƙarƙashin warin da na sani, na ce hancina ne ya manta.

Kowace safiya Inna sai ta ce, "Ta yi?" In ce saura kaɗan. A kwanakin nan ta daina zuwa banɗaki da ƙafarta.

Ran na goma na tuƙa tuwo mai laushi. Na daka daddawar da barkono da 'yar citta, na bari ta tafasa sosai kafin in kaɗa kuka, na sa man shanu. Muka tayar da ita muka jingina da bango. Da kanta ta ce a kawo ruwan wanke hannu. Ta gutsuri loma ta kai baki, ta ɗan tauna, ta tsaya.

"Wa ya ƙona leda a miyar nan?"

Na ɗanɗana. Gaskiyarta ne. Ɗacin yana can ƙasan harshe.

Matar ƙanena ta dafe ƙirji. "Yaya, tokar ina kika tace?"

"Ta murhunki."

"Innalillahi! Ai tun saukar ruwa da leda nake hura wuta, itacen jiƙaƙƙe ne. Har tsohon silifa na sa."

"Kina kallo na kwasa, ba ki yi magana ba?"

"Wallahi na ɗauka tukwane za ki goge."

Ban ga laifinta ba. Duk unguwar haka suke hura wuta, ni ma a Kudan na sha yi.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke da kika yi aji shida, ba ki iya sansana toka ba?" Ta yi murmushi don kada in ji ciwo, ta sake ɗaukar loma. Ta daɗe da ita a baki, ta kasa haɗiyewa. Na tara mata hannu.

Na aika har Saulawa wajen dangin babanmu neman gurguzu, aka ce sai kaka. Wadda duk za ta yi wannan daddawa, ta tanadi karan dawarta tun rani, ta ƙona da hannunta, ta adana tokar a rufe. Ni dai ban sami sake yi ba. Inna ta rasu yakuwa ko fure ba ta fara ba, kuma abin da ya shiga cikinta na ƙarshe ruwan kunu ne a cokali.