Khalto, sai da ya wanke sunanki aka zuba masa gahawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, 17 ga Nuwamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Suhad, Umm Nawras, a wani asibiti a nan Amman. Ciwon zuciya ne. Ina layin burodi na ga saƙon a zaurenmu na waya, na korarrun ma'aikata. Na karanta, na sake karantawa, na fita daga layin ban sayi komai ba.

Khalto, haka duk muke ce miki a ofis, kamar ƙanwar uwar kowa. Ni ko sakandare ban gama ba, abin da na iya a duniya danna waya ne, amma kika ɗauke ni a sashen amsa kiran matafiya, a kamfanin nan namu mai manhajar sayen tikitin jirgi da kama ɗakin otal. Ranar farko wani ya zage ni tas don an soke masa jirgi, na fashe da kuka. Kika karɓe kiran, kika lallaɓa shi har ya koma yana ba ni haƙuri. Sannan kika turo min burodi mai za'atar, garin ganyen nan mai ƙamshi da riɗi, kika ce in ci, wai tun safe kina jin kukan cikina.

Ban manta tsohuwar nan ta garin Irbid ba, da ta je Umara otal ya ce babu sunanta. An tashi aiki kowa ya watse, ke kina nan riƙe da waya, kina ce mata Hajja kar ki kashe, ina tare da ke. Ba ki tashi ba sai da kika ji ƙarar buɗe ƙofar ɗakinta. Ruwan zamzam ɗin da ta aiko miki, a ƙananan kofuna kika raba mana.

To sai ga shugaban kamfani, Ghaith, mai agogon da ya fi hannunsa nauyi. Wata Alhamis ya tara mu a kiran bidiyo, ya toshe mana magana duka, ya ce kamfani ba kuɗi, zuciyarsa na ciwo. Daga bakin ruwa yake magana fa, ana hango lema a bayansa. Kafin mu gama fahimta, an rufe mana shiga kwamfuta. Kuma don kar su ba mu cikakken haƙƙinmu na sallama, sai suka ce wai rashin ƙwazo ne ya kore mu. Har da ke, Khalto. Ke.

A cikin watan ne shi da manyansa suka ƙara wa kansu albashi, har da tukwici, wai ladan ceto kamfani. Ya sa hoton sabuwar motarsa a shafinsa, ya rubuta a ƙasa cewa shugabanci sadaukarwa ne. Wallahi na rubuta masa amsa na goge ya fi a ƙirga.

Mu yara mun yi zage-zagenmu mun nemi wani aikin. Ke kuwa kalmar nan ce ta tsaya miki. Duk inda kika nema, sai su kira tsohon ofis, a ce musu ba ki da ƙwazo. Ranar da na kai miki ziyara kina soya albasa, ba ki ko juyo ba kika ce min: "Dima, ba motarsa nake so ba. Sunana zai dawo min da shi." Kin yi ta kiransa, sakatariya na ce miki yana taro.

Sai ga Ghaith a zaman makokinki, rana ta biyu, da furanni kamar za a buɗe shago, da mai ɗaukar hoton kamfani a bayansa. Mu mata muna cikin gida. Yayana Thaer yana zauren maza, ya kira ni ta bidiyo, muka taru a kan wayata har da ƙanwarki.

Kowa ya san ba a shiga zaman makoki a fita ba a sha gahawa mai ɗaci ba, ko maƙiyi ne ana zuba masa. Ɗanki Nawras ya bi layi da buta, ya zuba wa na dama da Ghaith, ya tsallake shi, ya zuba wa na hagu. Shi kuwa a Turai ya tashi, bai gane komai ba. Ya ɗaga yatsa kamar a gidan abinci, ya tambaya ko akwai mai sukari.

Mijinki, Abu Nawras, bai ɗaga murya ba. Ya ce masa gahawarsa na nan, amma akwai abin uwar 'ya'yansa a hannunsa, sai ya ajiye tukuna. "Ka faɗa wa mutanen nan, don me ka kori Suhad?"

Ghaith ya fara wai magana ce ta lauyoyi. Ya waiga ya ga wayoyi a sama, ya ga tsofaffi sun zuba masa ido, ƙofa kuma da nisa. Sai ya ce can ƙasa-ƙasa, ba ki taɓa gazawa a aiki ba, rage kashe kuɗi kawai suke yi.

"Ɗaga murya, ɗana," in ji Abu Nawras. "Mata na ciki, ba su ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi. Mun ji, Khalto. Ƙanwarki ta rufe fuska da mayafi.

Sannan Nawras ya zuba masa. Kuma ba wanda ya gaya wa bawan Allah cewa sai ka girgiza kofi ake daina zubawa. Ya shanye, ya miƙa, aka ƙara. Ya shanye yana yamutsa fuska, aka ƙara. Duk zauren kowa ya sani, ba wanda ya taimake shi. Allah ya yafe min, a gidan makokinki na toshe baki ina dariya da hawaye.

Abin da ke ci na, tun kina da rai maganar nan ba ta fi ƙarfin bakinsa ba. Sai da kika kwanta a ƙasa, mutane suka kewaye shi, sannan ya faɗa. Yanzu duk Amman ta gani. Ke ce kawai ba ki ji ba.

Allah ya jiƙanki, Umm Nawras, ya yalwata miki kabari, ya sa haƙurin da kika yi da bayinsa ya tarar da ke a can. Ina miƙa ta'aziyyata ga Abu Nawras da Nawras da ƙanwarki Maisun, da dukkanmu da muka zauna kusa da kujerarki. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.