Makullin da Sunusi Ya Kai Ajiya Peckham

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kai ƙanena Sunusi makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan garin Landan. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan soya waina in aika masallaci ranar Juma'a, a yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. 'Yarsa Hibba, wadda ya bari tana da shekara takwas, ta nemi shiga soja kamar ubanta, kuma ta zo ta tsare ni da tambayar yadda ya mutu. Abin da aka gaya mata tun tana ƙarama ba shi ne abin da ya faru ba, ni kuwa na san abin da ya faru.

Mu 'ya'yan maharbi ne. Babanmu a Doguwa yake, gefen dajin Falgore, kuma tun Sunusi bai kai tsawon bindigar ba yake bin sa daji da goran ruwa a kafaɗa. Ni na fara zuwa ƙasar nan aikin ungozoma, shi ya biyo ni karatu. Karatun bai zauna masa ba, mutum ne da kujera ke gundura. Da ya ji ana ɗaukar 'yan ƙasashe irin namu aikin soja sai ya je ya ba da sunansa, bai gaya mini ba sai da aka aske masa kai. Na yi masa faɗa kamar in ari baki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Yaya, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Haka yake, da dariya yake kashe mini baki.

Ban da bindigar aiki, wadda ke kwana a bariki, Sunusi yana da tasa ta kansa. Ya nemi lasisi, 'yan sanda suka zo flat ɗinsa, sashen benen da yake zaune a unguwar Abbey Wood, suka duba akwatin ƙarfen da ya kafe a bango, suka amince. Bindigar harbin tsuntsaye ce mai baki biyu. Akwai wani manomi a karkarar Kent da kurciyoyin daji suka dama wa gona, shi ya ba shi izinin zuwa duk Asabar ɗin da ba ya aiki. Sai ya yi bismilla kafin ya ɗana, ya yanka wadda ya tarar da sauran rai, ya kawo mini su a leda ya zube a kicin yana cewa in yi farfesu irin na Inna. Ni da figar gashi, shi da surutu. Ban taɓa ganin sa cikin walwala kamar ranakun nan ba, kuma dole in faɗi wannan, domin masu cewa a raba kowane soja da bindigarsa ba su ga fuskar ƙanena ba idan ya dawo daga Kent da taɓo har gwiwa.

Sau biyu aka kai rundunarsu Afghanistan. Na farko ya dawo da labarai. Na biyu ya dawo babu labari ko ɗaya. Idan ya shigo gidana sai ya zaɓi kujerar da ke kallon ƙofa. Barci ya ƙaurace masa, ya rame, matarsa Bilki ta ce mini wani lokaci sai ta yi masa magana sau uku kafin ya juyo. A watan da Turawa ke wasan wuta suna harba tartsatsi sama, ya daina fita gaba ɗaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa mun ga fuskar. Muka ce gajiya ce. Wasu suka ce iska ce ya kwaso a can, aka kawo masa rubutu da tofi, ya sha don kada ya ɓata wa kowa rai.

Su ma a wurin aiki ba za a ce ba su tambaya ba. Ya gaya mini cewa bayan sun dawo an zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, likita ya tambaye shi ko yana barci, ko yana firgita, ko ya taɓa jin rayuwa ta ishe shi. Na ce to me ka ce masa? Ya ce, "Na ce lafiya lau, alhamdulillahi. Yaya, in na ce wani abu, ƙarin girman da nake jira ya tafi, lasisina ma ya tafi. Wa zai bar wa mahaukaci bindiga?" Da dariya ya faɗa, ni ma na taya shi. Har yau dariyar nan tana ƙona mini rai.

A nan ne maganar take da wuya, kuma shekara goma sha ɗaya ban warware ta ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma idan mutum ya san duk wanda ya nuna cibinsa za a kwashe masa tufafi, ai da riga zai shiga ruwan. Mu kuma an raine mu a kan cewa namiji ba ya kuka, kuma kai ƙarar halin da kake ciki ga baƙo butulci ne ga Allah. Ka haɗa wannan tarbiyya da tambayar da amsarta ta gaskiya za ta raba mutum da abu ɗaya da ke sanyaya masa zuciya, ka gaya mini amsar da za ka samu. Bindigar nan ita ce maganinsa ranar Asabar, kuma ita ce haɗarinsa sauran kwanakin mako. Na tabbata shi ya riga kowa sanin haka.

Abin da ya sa na tabbata shi ne makullin. A unguwar Peckham, a titin Rye Lane, akwai wani dattijo mutumin zangon Kumasi, Baba Issaka, mai shagon doya da busasshen kifi. Duk Bahaushen da ya daɗe a kudancin Landan ya san shi da abu ɗaya, wato riƙon ajiya. Mai tafiya gida ya bar masa makullin flat, mai rigima da miji ta bar masa sarƙarta. Ka'idarsa ita ce ta iyayenmu: ba ya tambayar mene ne, ba ya buɗewa, ba ya gaya wa kowa, kuma ranar da mai kaya ya ce a ba shi kayansa, ko gardama babu. Wata Asabar da sanyi ya fara shigowa, maimakon Kent, Sunusi ya hau bas zuwa Peckham ya miƙa masa ɗan ƙaramin makulli ƙunshe a hankici. Makullin akwatin bindigar ne. Dokar ƙasar nan ba ta yarda wani ya riƙe makullin nan ba in ba mai lasisi ba, don haka ko da dattijon ya tambaya, da wuya Sunusi ya faɗa.

Duk tsawon sanyin nan makullin yana can cikin gwangwanin madara a bayan kanta. Sunusi kan je, ya zauna a kan buhun gari, a ba shi shayi, ya tambaya ko ajiyarsa tana nan. A ce tana nan. Ya yi godiya ya tafi bai karɓa ba. Mu a gida ba mu san komai ba, mun dai ga ya daina zuwa harbi, Bilki har murna ta yi wai ya fara zama da iyali. Da bazara ta kusa, ran nan ya je ya ce a ba shi. Baba Issaka ya ɗauko ya ba shi, ya haɗa masa da goro biyu, ya sa masa albarka. A cikin makon nan, da rana tsaka, Bilki tana wurin aiki, Hibba tana makaranta, Sunusi ya kashe kansa.

Na rubuta kalmar nan yanzu, wadda a gidanmu aka yi shekaru ba a furta ta ba. Tun kafin a ba mu gawa manya suka zauna suka ce a rufa asiri: yana goge bindiga ne ta tashi. Suka ce saboda sallar gawa kada a samu masu ja da baya, saboda Inna da ke Doguwa, saboda yarinya mace ce wata rana za a zo neman aurenta a tona asalinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji su. Kotun da ke binciken irin wannan mutuwa ta faɗi nata, na je na ji da kunnena, amma a bakin jama'armu hatsari ya zama, hatsari kuma ya zauna.

Bayan sadakar arba'in Baba Issaka ya zo gidana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa, ya ba ni labarin makullin daga farko har ƙarshe da Hausarsa ta zango. "Hajiya, yaro ya ba ni amana, ya ce ba ni, na ba shi. Ni bai san bindiga ne ba. In na hana shi, na ci amana. Na ba shi, ga abin da ya zama." Ranar na gaya masa maganganun da ba a gaya wa sa'an uba, bai ɗaga kai ba. A watan nan ya kira duk mai ajiya a wurinsa ya mayar masa da kayansa, bai sake karɓar ko allura ba har ya koma Kumasi, inda ya rasu. Na daɗe da daina jin haushinsa. Abin da aka koya masa shi ne mutunci, shi ya yi, kuma da ni aka kai wa makullin ban san ko zan yi dabam ba.

Nakan tambayi kaina abin da Sunusi zai ce da ya ga yau. Abbey Wood ɗin da ya sani ta canja, jirgin ƙasa na Elizabeth line yana ɗaukar mutum daga ƙofar gida ya sauke shi tsakiyar gari kafin shayinsa ya huce, shi da kullum yake ƙorafin tafiya masallacin Regent's Park sallar Idi. Dokar lasisi ma na ji an tsaurara, yanzu sai likitan mutum ya sa baki. Da ya ji wannan na san tsaki zai yi, ya ce an mai da kowa abin zargi. Ni ina ganin daidai ne, amma ban yarda ya isa ba. Likita ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. Abin da nake so in gani shi ne hanyar da soja zai ce "ku riƙe mini wannan na ɗan lokaci, ba ni da lafiya," a riƙe masa, a yi masa magani, ba tare da ya ji an tuɓe masa girma an yi masa tambarin hauka har abada ba. Ƙanena ya nemi wannan hanyar bai samu ba, shi ya sa ya ƙirƙiro tasa a shagon doya.

Hibba ta zo mini ne ana saura 'yan kwanaki ta je gwajin lafiya na shiga soja. Doguwa ce kamar shi, har yadda take tsayawa da hannu a baya. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, irin 'ya'yan nan. Ta ce likita zai tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa a danginta, uwarta kuwa ta ce mata ta amsa da babu. Sannan ta ce, "Gwaggo, babana sajan ne fa. Sojan da ya koya wa wasu riƙon bindiga, ta yaya za ta tashi a hannunsa yana goge ta?" Ashe ta daɗe tana lissafin nan ita kaɗai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mu ne muka ɗauka namu yana da zurfi.

Na kashe tukunyar da ke kan wuta na zaunar da ita, na gaya mata duka: kujerar da ke kallon ƙofa, amsar da ya ba likita, Baba Issaka, gwangwanin madara, goro biyu. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaye ni ko ya taɓa neman taimako, na ce ya nema, ta hanyar da ya iya, mu ne ba mu gane ba. Na ce mata mutumin da ya yi wata da watanni yana zuwa ya kalli inda makullin yake ya juya ya tafi, ba rago ba ne, yaƙi yake yi, kuma ya daɗe yana cin nasara kafin ranar da aka ci shi. Hukuncinsa yana wurin Allah, Shi ya san nauyin da ya ɗora masa. Ni dai addu'a nake masa, kuma ba zan daina ba.

Bilki ba ta ɗaga wayata tun ranar. Ta aiko a gaya mini na tona asirin mamaci kuma na ɓata wa 'yarta gaba. Ban ce ba ta da hujja ba, ita ta yi renon marainiya a ƙasar mutane, ba ni ba. Hibba kuwa ta je gwajin ta faɗi gaskiya. Ba su kore ta ba, ba su kuma ɗauke ta ba tukuna, sun ce za su sake ganin ta. Ko za ta sa kakin, Allah ne masani, ni ma ban san wanne nake roƙa mata ba. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ba na ɓoye shi.

Bindigar 'yan sanda sun tafi da ita tun a lokacin, kakinsa yana cikin akwati a gidan Bilki, lambobin yabonsa ma haka. Abin da ya rage na Sunusi da ke yawo a duniya shi ne yarinyar nan, da taurin kansa da son dajinsa, sai kuma abu ɗaya da shi bai samu ba: ta zauna gaban likita an tambaye ta, ta amsa da gaskiya. Da ta fito daga gwajin ta biyo ta gidana, ta ci abinci, ta wanke kwanonta. Har ta kai ƙofa sai ta juyo ta ce, "Gwaggo, in wata rana na kawo miki ajiya, ki tambaye ni mece ce. In kuma na dawo karɓa kika ga idona ba daidai ba, kada ki ba ni, ko zan zage ki."

Na ce mata na ji. Kaf zuriyarmu ba a taɓa samun wanda ya hana mai kaya kayansa ba. Idan ranar ta zo, Allah Ya sa kada ta zo, ni zan fara.