Carbin Nutso

Kawunmu ne ya koya mana nutso, ni da ƙanena, a dam ɗin da ke kusa da ƙauyenmu a ƙasar Dutsin-Ma. Masunci ne, amma an fi saninsa da ciro abin da ruwa ya haɗiye: tarun da ya maƙale a kututture, babur ɗin da ya zame daga gada, wani lokaci kuma mutum. Har daga ƙasar Kurfi akan zo a ɗauke shi.

A wurin Kawu, mai nutso ba ya shiga ruwa shi kaɗai. Za a ɗaura masa igiya a ƙugu, ɗan'uwansa ya tsaya a gaɓa, hannu ɗaya da igiya, ɗayan da carbi. Ba carbin salla ba ne, wani ne na katako mai manyan 'ya'ya casa'in da tara, wanda ruwa da gumi suka mayar baƙi. Kowane ɗa guda "Subhanallahi" guda ne, ba sauri ba jinkiri. Kowane mai nutso yana da lambarsa. Da na gaɓa ya kai lambarka sai ya ja igiya, ko ka gama aikin ko ba ka gama ba. Kawu ya ce dole a yi haka, domin idan numfashi ya kusa ƙarewa zafin ƙirji yakan ɗauke, wani daɗi ya rufe mutum, ya manta yana cikin ruwa.

Lambar kuwa a tudu ake samo ta. Da rana ta fito mukan gangara rafi mu yi gudu a cikin yashi har cinyoyinmu su yi nauyi. Sai mu huta, kowa ya rungumi dutse, ya cika ƙirjinsa sau ɗaya, ya kama tafiya daga tsohuwar rijiya zuwa gindin tsamiya ba tare da ya shaƙa ba, Kawu yana biye yana jan carbi. Inda ka saki numfashi, nan ce lambarka. Da azumi ba ma shiga ruwa, don gudun kada ya wuce maƙogwaro. Bayan salla kuma sai an yi mako guda ana komawa tsamiya kafin kowa ya yi nutso mai zurfi.

Ni na kai casa'in da tara ina saurayi, carbin gaba ɗaya. Tun daga nan ake ce mini mai carbi guda, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi shekara da shekaru.

Bayan rasuwar Kawu sai ƙanena ya sayi babur ya shiga kabu-kabu, safiyarsa ta koma ta tasha. Idan an kira mu aiki tare muke zuwa, amma tsamiya ni kaɗai nake zuwa, dutse a ƙirji, ina ƙirgawa a zuci.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce kowa ya riƙa rubuta wani abu a gida kullum, ko da lamba ce, don hannu ya saba. Ba ni da abin rubutawa, sai na riƙa sa abin da na kai a tsamiya. Ranar farko casa'in da huɗu. Na ce mura ce. Bayan wata biyu casa'in. Na ce tuwon jiya ne ya yi mini yawa. Da can irin waɗannan dalilai suna isata, don zuwa gobe na manta ta jiya. Amma yanzu ga su a jere da fensir, da hannuna, kowane shafi yana ƙasa da na bayansa. Kafin azumin shekarar da ta biyo ina saba'in da takwas. Washegarin salla na gwada, na saki a saba'in da ɗaya, ban ma kai inuwar tsamiyar ba.

Na sa littafin a ƙarƙashin katifa. Na san idan na faɗa, zurfi ya zama na ƙanena, ni kuma na koma mai riƙon igiya. Na ce a raina zan ƙara gudu a yashi, lambar ta dawo, ba sai kowa ya ji ba.

Kwana huɗu da salla wani Alhaji mai noman rani daga wajen Karofi ya zo da hantsi. Gaɓa ta zabtare da injin ban ruwansa, albasarsa kuma ta kwana biyu ba ta sha ba, ga zafin bazara. Muka je. Ƙanena ya tura gora a wurin, ba ta taɓa ƙasa ba.

"Yaya, yau kwana huɗu fa," in ji shi. "Kawu mako ya ce."

"Kawu ba shi da albasa a fadama," na ce. Alhaji ya yi dariya.

"Ai shi ya sa na wuce kowa na zo wurin mai carbi guda," in ji Alhaji.

Ƙanena ya ɗaura mini igiyar, ya ja kullin sau biyu kamar yadda aka koya mana. Ya ciro carbin daga aljihu.

"Nawa zan ja?"

"Kabu-kabu ya mantar da kai ne?"

"Tambaya dai na yi. Furfurar nan ba ta ci ko goma ba?"

"Furfura a ka take, ba a ƙirji ba. Ja abinka."

Na yi bisimilla na shiga, da igiya ta biyu a hannu wadda zan ɗaure injin. Saman ruwan da ɗumi, ƙasansa kuwa sanyi kamar randa, kuma zabtarewar ta dama shi, ko tafina ba na gani. Da lalube na sami ƙarfen injin, rabinsa a cikin laka. Na tona da yatsu na zura igiyar. A nan ƙirjina ya fara bugawa, maƙogwarona yana haɗiyar banza. Na san alamar. Da na fizgi igiyar ƙuguna sau biyu, da an jawo ni. Na ce bari in ƙarasa kullin.

Sai zafin ya ɗauke. Ina tuna na ji ruwan ya yi laushi, ina shafa kullin ina jin daɗin yadda ya yi kyau. Ban tuna komai bayan wannan ba.

Na farka a gaɓa, kwance a gefe ɗaya, ina aman ruwa da laka. Daga baya aka gaya mini ƙanena ya kai casa'in da tara ya ja, na taso kamar buhu, leɓɓana sun yi baƙi. Shi ya yi ta danna mini ƙirji yana hura mini iska, yana kiran sunana. An kai ni asibiti a Dutsin-Ma na kwana biyu. Injin kuwa an jawo shi, kullin bai kwance ba.

Da na dawo gida na tarar ƙanena ya jingine babur. Matarsa ta ce ba ya cin abinci. Duk wanda ya zo dubiya sai ya tare shi a zaure ya ce, "Ni ne. Bakina ya yi nauyi, na ja a hankali. Saura kaɗan in kashe yayana." Ina kwance ina jinsa ta taga. Kwana uku ina ji, littafin yana nan a ƙarƙashin katifata.

A na huɗu na aika ya shigo. Na ɗaga katifa na miƙa masa littafin. Bai iya karatun boko ba, amma lamba ya san ta a waya. Ya bi shafukan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo na ƙarshe.

"Wannan ta yaushe ce?"

"Washegarin salla."

"Saba'in da ɗaya." Ya motsa baki yana lissafi. "Ashirin da takwas, Yaya. 'Ya'ya ashirin da takwas na tsaya ina tasbihi, kai kana can kana mutuwa. Kuma na tambaye ka."

"Ka tambaye ni. Ka yafe mini."

"Da ka tafi fa? Da me zan dubi 'ya'yanka?"

Ya ciro carbin Kawu, ya sa haƙori ya tsinka zaren. Ya ƙirga ashirin da takwas ya zuba mini a tafi, ya ƙulle sauran. Ya ce ya yafe don Allah, amma hannunsa ba zai sake riƙe igiyata ba. Bai sake ba kuwa.

Yanzu shekara biyu ke nan ni ke tsayawa a gaɓa, shi ke shiga. Carbin saba'in da ɗaya ne, kuma da ya ƙare nake ja. Yakan taso yana huci yana faɗa.

"Saura kulli ɗaya ka jawo ni! Ina da tamanin da biyar, kowa ya sani!"

"Zo tsamiya gobe ka ɗauki dutse. Abin da ka kai, in ƙara maka a zare."

"Goben akwai kasuwa. Lambata tana nan, Yaya."

Na san wannan muryar, da ita na amsa masa a gaban Alhaji. Gemunsa ya fara fari, kuma na lura idan ya tura babur a hawa yakan tsaya ya dafa sirdi. Wani lokaci ina cikin jan carbin sai in ji tsoron ko saba'in da ɗayan ma ta yi masa yawa, in kai sittin hannuna ya fara matse igiyar.

'Ya'yan carbin ashirin da takwas suna cikin wani gwangwanin madara a kan tagata. Kowace safiya nakan gangara rafi in zauna a bakin tsohuwar rijiya, dutsen yana gefena, har rana ta yi zafi. Har yau ƙanena bai zo ba.