Na Ƙara wa Muryar Kaka Sauri

A gidanmu na Jiratawa ba don tatsuniya ake hura wuta ba, don zogale ake hura ta. Kakata Tasalla takan dafa shi bayan sallar isha'i, ta wayi gari ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli ta kai bakin hanya. Tukunyar babba ce, karan dawa kuma ba ya jimawa a murhu, sai an zauna ana turawa. Mu jikoki aka ɗora wa wannan aiki, ladanmu kuwa tatsuniya. Har yau in na ji ƙamshin ganye yana dahuwa, sai in ji kamar in tanƙwashe ƙafa in matso kusa.

Kaka tana da doka guda: ba ta jan labari ita kaɗai. Takan buɗe da cewa, “Ga wata nan ta taso, wa ka tarbar ta?” Mu ce, “Mu ne.” Daga nan in ta yi 'yar tafiya a cikin labarin sai ta tsaya, ta jira wani ya ce, “To, Kaka.” In ba wanda ya amsa, ba faɗa ba zagi, sai ta ɗauki muciya ta juya ganyenta. An rufe ke nan sai gobe, ko da kura ta riga ta buɗe baki a kan ɗan akuya. Ni kuwa tun ina ƙarami gaggawa ta yi mini yawa, kafin ta rufe baki na riga na amsa. Sai ta harare ni ta cikin hayaƙi ta ce, “Wanga miji nawa Lawali, ko numhwashi ban aje ba ka amshe. Ina za ka ne?”

Akwai wata tatsuniya da take yawan maimaitawa, ina kuma zargin saboda ni ne. Wai an yi wani falke da ya tsani doguwar gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, duk a wurinsa ɓata rana ne. Sai ya tafi wurin wata tsohuwa mai magani a gindin gawo, ya ce ta ba shi abin da zai sa ya riƙa jin ƙwayar magana kawai, ƙaiƙayin ya zube a ƙasa. Ta ɗiga masa wani mai a kunne. Ta buɗe baki za ta yi masa gargaɗi, amma maganin ya riga ya kama, abin da ya ji kawai shi ne, “Tafi.”

Kasuwa ta yi masa kyau. Kafin abokansa su gama gaisawa, shi ya saya ya sayar ya ɗaure jakinsa. Duk sanda ya dawo daga fatauci yakan leƙa ɗakin mahaifiyarsa ya ce, “Inna, lafiya?” Ita kuma ta yi ta magana, tana tsayawa tana hutawa, kunnensa kuwa ya kawo masa “lafiya lau” kaɗai, ya juya ya wuce. Ran nan ya dawo ya tarar da ɗaki a rufe. Maƙwabta suka ce ciwo ya ci ƙarfinta, 'yan'uwanta sun zo daga nesa sun tafi da ita, tunda ba mai kula da ita a nan. Ya ce, “Amma kullum lafiya lau take ce mini.” A nan Kaka takan sassauta murya ta kwaikwayi maƙwabtan: “Kowa haka shika cewa, ɗan nan. Mu a tsakanin maganar munka ji.” Falke ya ruga gindin gawo a cire masa magani, ya tarar da gawo, bai tarar da tsohuwa ba. Wai har yau yana yawo, ana yi masa magana yana jin kalma ɗaya. Mukan yi dariya mu riƙa kwaikwayonsa, ni kuma na ɗauka darasin bai wuce a gaida manya da kyau ba.

Yanzu ina da shagon atamfa a Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya da iyalina. Kaka ta tsufa, ido ya yi rauni, tukunyar zogale ta koma wurin Gwaggo Rabi, ƙanwar mahaifina, wadda ke kula da ita. Da Gwaggo ta sami babbar waya, Kaka ta gano ana iya zuba murya a ciki ta isa birni, sai ta fara aiko wa 'yata Nana tatsuniyoyi ta vokal. Farkon abin murna muka yi ƙwarai. Mukan zauna a tabarma bayan cin abinci, in ajiye wayar a tsakiya.

Amma vokal ɗin Kaka dogaye ne, wayata kuma cike take da na masu ciniki. Wata safiya aplikasiyon ɗin saƙonni ya ƙi buɗewa, wai sai an yi masa mizajur, wato an sabunta shi. Na sayi forfe na intanet, na tsaya inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke da ƙarfi, na yi. Da ya buɗe sai ga wani ɗan maɓalli a gefen kowane vokal. Maƙwabcina na shago ya nuna mini: in ka danna, magana ta riƙa gudu ninki biyu. Wallahi na ji daɗi. Hajiyar da ke gaishe ni har da kajin gida kafin ta tambayi kuɗin turmi, yanzu cikin ƙiftawar ido na san abin da take so.

Da yamma vokal ɗin Kaka ya shigo, na kunna, ashe maɓallin yana nan yadda na bar shi. Muryarta ta fito tana zuba kamar ta mai tallan magani a tasha. Nana ta yi dariya har tana birgima, ta ce a sake. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Na ga kuma labarin ya ƙare tun shayina bai huce ba, sai na bar shi haka. Watanni muka yi a haka muna jin Kaka. In ta gama in aika mata da gajeren vokal, “Mun ji, Kaka, mun gode,” in koma harkokina.

Bayan damina ni da Nana muka je bikin suna a Tibiri da safe, da la'asar na ce mu wuce Jiratawa mu gaishe ta. Na same ta ta rame, amma na ce a raina tsufa ne. Bayan magariba Gwaggo tana tuƙa tuwo, Kaka ta jawo Nana kusa da murhu ta fara mata tatsuniya. Ta yi 'yar tafiya ta tsaya. Nana ba ta san ana amsawa ba, don ban taɓa koya mata ba, ni kuma idona yana kan waya. Sai yarinyar ta ce, “Kaka, ki yi da sauri mana irin na cikin waya. Baba, danna mata.”

Kaka ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. Ta ce, “Mi aka dannawa, Lawali?”

Na fara kame-kame, wai wani sabon abu ne da ya zo da mizajur, wai ba ni na sa shi ba. Ta ce, “Kunna in jiya.” Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ba a yi wa Kaka musu. Na kunna. Ta karkata kai ta saurari kanta tana gudu, tun daga farko har ƙarshe. Da ya ƙare ta ɗan yi murmushi ta ce, “Ashe haka nika iso muku. To, madalla. Da ina jin nauyi, ina cewa ina cinye muku lokaci.” Sannan ta ce, “Rabi, juya tuwonki kar shi kama.” Na san wannan rufewar tun ina yaro. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gwaggo ta rako ni wajen moto, wato babur ɗina. A zaure ta riƙe hannuna ta ce, “Kai ba ka ji numhwashinta ba cikin vokal? Tun farkon damina shika sarƙe mata. Tatsuniya guda sai ta huta ta huta kahin ta kai ƙarshe. Na ɗauka ka ji, shi ya sa ban hwaɗa maka ba, ina ta jiran ka zo.” Washegari na dawo da mota muka kai ta asibiti, aka ba ta magani, Alhamdu lillahi ƙirjin ya yi sauƙi. Likita dai ya ce da an kawo ta da wuri da ba ta sha wannan wahalar ba.

Tun daga ranar ba ta sake aiko da ko tatsuniya guda ba. In na sa Gwaggo ta tambaye ta, sai ta ce wai ta manta su. Kaka ba ta manta komai ba, har sunan akuyar da aka yanka ranar sunana tana riƙe da shi. Yanzu duk Lahadi nakan ɗauki Nana mu tafi Jiratawa, in kashe waya tun daga bakin gari. Nana ta iya “To, Kaka” sarai. Kaka takan shafa kanta, ta tambaye ta labarin lakwal, wato makaranta, amma ba ta buɗe mana tatsuniya ba tukuna, ni kuma ba ni da bakin roƙo.

Na mayar da maɓallin yadda yake da, na koma kan tsoffin vokal ɗinta ina bin su ɗaya bayan ɗaya in na rufe shago. Komai yana ciki: tarin da take dannewa, numfashin da take jawowa da ƙyar, da wuraren da take tsayawa tana jiran a amsa. Falken nan ya je har gindin gawo kafin ya toshe kunnensa, ni a shagona na yi nawa da ɗan yatsa, ga shi kuwa an ba ni labarinsa tun ban yi wayo ba. A cikin wani vokal ta tsaya ta jima sosai, har na duba ko rezo ne ya yanke. Sai na ji ta, can ƙasa-ƙasa, ta ce wa kanta, “To, Kaka,” ta ci gaba. Matar da ba ta taɓa jan labari ba sai an amsa mata, ta karya dokarta saboda mu, kuma watanni tana yin haka ban sani ba.