Khal ɗin Inabin Ɗa'ifa

Duk shekara idan inabin Ɗa'ifa ya cika kasuwa, nakan sayi wanda ya fara laushi in yi ruwan khal da shi, kamar yadda mahaifiyata ke yi tun muna yara a unguwar Mansur, a nan Makka. In matse shi a tulu, in zuba tsohon khal a kai tun ranar farko don kada ya bi hanyar giya, in ɗaure bakin da ƙyalle. Wari kam yana yi, ban musa ba.

Wata shekara maƙwabciyata ta hawan ƙasa ta daina cin abincina. Na aika mata da tuwo, ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Daga baya na ji wai ta ce ina haɗa giya a saman bene, a garin Makka.

Ɗana ya shigo yana roƙona: "Ummi, khalas, ya isa haka, ki zubar. Akwai na kanti."

Na ce, "In zubar, in gaskata ta ke nan?"

Na fito da tulun daga lungu, na girke shi a ƙofar ɗakina, inda duk mai hawa bene sai ya gan shi. Da ya yi tsami sosai, na cika kwalba na kai mata da hannuna. Na kurɓa a gabanta har idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Hajiya, ga giyar. Bismilla."

Ba ta taɓa ba. Bana tulu biyu na girke.