Sai Bayan Hajji

A Makka lokaci biyu ne: kafin Hajji da bayan Hajji. Aurena bayan Hajji aka ɗaura shi. Haƙorin da ya dame ni bayan Hajji aka cire. Idan ƙofar gidanka ta ɓalle a watan Zulƙida, kafinta zai ce maka sai bayan Hajji, kuma ba za ka ji haushi ba, don kai ma abin da ka faɗa wa wani ke nan da safe. A nan aka haife ni, a nan aka haifi uwata. Ban yi makaranta ba. Tuwo nake tuƙa wa alhazai a unguwar Aziziyya tun ina taka bulo kafin in hango cikin tukunya. Da shi na raini 'ya'yana bayan ubansu ya rasu.

Autata ce ta yi karatun lauya. Ranar da ta gama jami'a na ɗauka an gama. Ashe an fara. Wai ba za a ba ta lasisi ba sai ta zauna a ƙarƙashin wani lauya ya horar da ita, tadribi suke ce masa. Na ce ai ga lauyoyi nan birjik kusa da kotu, masu shari'ar gado da saki. Ta yamutsa fuska. Ita lauyoyin kamfanoni take so, na dogayen benayen Jidda, masu rubuta yarjejeniya tsakanin attajiri da attajiri.

Ni yadda na sani, mai son koyon sana'a babba ne ke riƙe hannunsa ya kai shi wurin gwani, ya ce ga amana. Na ce ta nuna min ofishin in kai ta. Ta dafe ƙirji.

"Umma, don Allah! Ba a zuwa. Ta kwamfuta ake nema."

Haka ta duƙufa. Ta aika nan, ta aika can. Wasu su yi shiru, wasu su aiko da godiya. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya godiya suna korar mutum kamarsu ba. Wani lokaci takan karanta min tambayoyinsu ina gyaran kuɓewa.

"Wai me ya sa nake son aiki da su, ba da wasu ba?"

"Ce musu wasun sun ƙi ki."

"Umma!"

"To ce musu kina son cin abinci."

Ba ta rubuta ko ɗaya ba. Kusan dukansu kuma sai sun tambayi inda ta taɓa aiki. Mai neman a koya masa ake tambaya ko ya iya. Ni in na ɗauki wadda ta iya tuwo, ai ba koya mata zan yi ba.

Akwai ranar da za su yi mata tambayoyi ta hoton kwamfuta. Ta hana daka, ta hana soya, ta sa na kashe fankar kicin kamar muna zaman makoki. Ta sa sabuwar abaya ta zauna gaban farin bango tana yi wa gilashi murmushi. Waɗannan ma godiya suka aiko.

Kiran gaskiya ya zo a Zulƙida. Alhazai sun cika Aziziyya, ina ciyar da alhazan benaye biyu safe da yamma, kowa a gidan yana da aiki. Auta na yankan albasa waya ta yi ƙara. Ta goge hannu a zane ta ɗauka. Na ji muryarta ta canja, ta koma Larabcin makaranta. Wani babban ofis ne, suna da gurbi na 'yan makonni, wanda ya yi ƙoƙari su riƙe shi. Matar ta tambaye ta yaushe za ta iya farawa.

"Bayan Hajji, in sha Allah," in ji Auta, ko tunani ba ta yi ba.

Ina tsaye a wurin. Ban ji wani abu ba daidai ba. Amsa ce irin ta kowa. Ta ajiye waya muka yi guɗa, ta koma kan albasarta.

Da alhazai suka watse ta kira su. An ba wata. Wai sun ɗauka ba ta matsu ba.

Har yau abin yana min ciwo. Jidda fa, ba bangon duniya ba. Ta nan alhazan suke sauka, ta ƙofar ofisoshin nan motocinsu ke wucewa. A ce mutum yana zaune a Jidda bai san 'yar Makka ba ta da sukuni a Zulƙida ba? Na ce ta ba ni wayar in yi wa matar bayani. Ta shige ɗaki ta rufe. Auta in ta yi fushi Hausarta guduwa take, da Larabci ta yi kukanta.

Shekarar nan ta yi mana tsawo. Ƙawayenta suna ta shiga ofisoshi, ita tana gida tana sake aikawa. Ta rame. Ta daina karanta min tambayoyin.

Zulƙida ta sake zagayowa. A bana ɗin gwiwata ta kumbura, ɗaya daga cikin matan da ke taya ni kuma ta haihu. Auta ce ke tuƙi, ni ina zaune kan kujera ina kwasa. Waya ta yi ƙara. Na ga ta kalli lambar, ta kalli gwiwata. Ta yi magana kaɗan ta ajiye, ta ɗauki muciya.

"Su wane ne?"

"Ba kowa."

"Ke. Ni na haife ki."

Wani ofis ne daban, ƙarami kan na bara, amma aikin kamfanoni suke. Suna son ta ranar Lahadi. Ta ce musu za ta yi shawara.

"Da wa za ki yi shawarar? Da tukunya?"

"Umma, wa zai tuƙa miki? Ko tsayuwa ba kya iyawa. Zan roƙe su ko za su jira zuwa..."

"In kika ƙarasa maganar nan sai na maka miki muciyar."

Na miƙe, na karɓe muciyar daga hannunta. Na ce ta kira su a gabana. Ta kira tana hawaye, ta ce Lahadi. Na ce ta fita min daga kicin, kada ta je wa mutane tana warin daddawa. Da yamma yayanta ya kai ta tasha, ta sauka wurin ƙanwata a Jidda.

Cinikin bene ɗaya na sallama wa maƙwabciyata, wadda ta daɗe tana harinsa. Ba ta dawo min da shi ba, kuma ba za ta dawo da shi ba. Ɗayan na tuƙa masa a zaune, tukunya a ƙasa tsakanin ƙafafuna. Tuwon ya yi gudaji wasu ranaku. Wani alhaji ya yi ƙorafi, na ce masa ibada ya zo yi.

Auta takan kira in ta tashi. Na tambaye ta ko ta fara tsayawa gaban alƙali. Ta yi dariya. Takardu take jerawa, ta sa musu lamba, ta duba ko sunan kamfani ɗaya ne a kowane shafi. Wani lokaci a bar ta ta zauna a ƙarshen tebur, kada ta ce uffan. Shekarun karatun nan duka, don ƙirga shafi. Ni ma da wanke tukunya na fara.

Ta dawo ana gobe alhazai za su fita Mina, an rufe ofisoshi don Sallah. Ta shigo kicin da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa ta taɓa gwiwata.

"Umma, sun riƙe ni. Za su yi min tadribin gaba ɗaya."

Na ce alhamdu lillahi. Na tambaye ta yaushe za ta fara. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka take, sai na ga dariya ce.

"Sun ce sai bayan Hajji."

Ashe su ma sun san bayan Hajjin, 'yan banza. Na miƙa mata muciya.